Shayin Umma da Taɓon Teku

Shekarun baya can, tun kafin yawancinku su san ni a nan, an yi wata rana da har yau in na tuna ta sai dariya ta kama ni ni kaɗai a cikin jirgin ƙasa, mutane suna kallona. Kun sha tambayata yadda aka yi 'yar Bahaushe ta ƙare a aikin haƙo taɓo a bakin teku, kuma aka ƙyale ta a gida. To ba haka kawai aka ƙyale ni ba. Sai da aka sha shayi tukuna.

Lokacin ina dab da gama digiri na biyu a wata jami'a a nan New York, muna zaune ni da mahaifiyata a wani dogon bene a titin Grand Concourse. Mahaifina Allah ya yi masa rasuwa tun ina sakandare, don haka duk wata maganar gidanmu a bakin Umma take farawa, a nan kuma take ƙarewa. Aikinta kula da tsofaffi ne a gidajensu. Kullum tana ganin yadda nas za ta shigo gidan da take aiki, ta duba tsohuwa na ɗan lokaci, kowa yana rawar jiki, ta fita abinta da farin takalmi. Tun ina ƙarama burinta a kaina ke nan, in zama nas. Ni kuma Allah ya jarabce ni da son taɓo.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don kar ku ce Umma ce kaɗai ba ta gane ba. Akwai wani faffaɗan ruwan gishiri a bayan filin jirgin JFK, ana ce masa Jamaica Bay. Mu aikinmu shi ne auna yawan ƙarfen da ke narkewa yana fitowa daga taɓon ƙasan ruwan. Na san wani zai ce ƙarfe kuma a taɓo? Akwai shi jingim, tsatsa ce manne da ƙwayoyin ƙasa. Can cikin taɓon inda iska ba ta kaiwa, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda in sun rasa iska sai su koma numfashi da tsatsar nan. Da sun yi haka sai ƙarfen ya narke cikin ruwa ya taso sama. In ya haɗu da iska ya sake zama tsatsa ya koma ƙasa, a sake zagayowa. Amma lokacin zafi, in iskar cikin ruwan ta yi ƙaranci, sai ya tsere gaba ɗaya, ya kuma saki wani taki da yake riƙe da shi, gansakuka ta rufe ruwa, kifi ya shiga uku. Wallahi ranar da na fara fahimtar wannan zagayen, kasa cin abinci na yi don murna.

Malamata, wata dattijuwa farfesa mai furfura, ta kira ni ofis ta ce tana so in zauna a wajenta in yi digirin dakta. Ta ce in ba ta amsa kafin a koma karatu bayan hutun zafi. Na fito ofishin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Amma ina shiga jirgin ƙasa na layin D sai murnar ta fara raguwa tasha bayan tasha, don na san wadda ke jirana a gida.

Ni 'yar fari ce, Umma ba ta faɗin sunana. "Ke" ne sunana a gidanmu. Na bari ta idar da sallar la'asar, na zauna a gefen darduma na gaya mata.

"Ke, shekara nawa kika ce?"

"Biyar, Umma. Ko da ɗan ɗoriya."

"A taɓo."

"A bincike, Umma."

"A taɓo dai. Na baro Kano, na tsallako teku, ina ɗaga tsofaffin mutane ina kwantarwa har bayana ya ƙage, don ki zo ki yi abin da nake dukanki a kansa kina 'yar shekara uku?"

Ba laifinta ba ne. Abin da take gani na aikina shi ne in dawo gida da wando jage-jage, ina warin ruɓaɓɓen ƙwai, har maƙwabciyarmu 'yar Kumasi in ta gan ni a matakala sai ta toshe hanci ta ɗaga murya ta ce, "Dakitan taɓo ya dawo!" Umma tana jiyowa daga ciki. Ni kuwa na riga na yanke wa kaina cewa in ta ce a'a, an gama. Ba zan iya ɗaukar karatun shekara biyar a kaina ba tare da albarkarta ba. Zan tattara in nemi makarantar nas, in yi ta kuka a ɓoye.

Kwanaki suka wuce ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Sai wata safiya tana ɗaura ɗankwali za ta fita aiki ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Gani ya kori ji. Ranar da za ku shiga ruwan nan, da ni za a je. In na gani da idona sai in faɗa miki abin da na yanke."

Na gaya wa malamata ina in'ina, ina tsoron ta ce ba a kawo iyaye wajen aiki. Sai ta tuntsure da dariya ta ce in kawo ta, jirgin ruwan da muke shiga yana da wuri. Jama'a, na yi rawar kai a satin nan! Na ce sai Umma ta ga aiki mai tsafta wanda ya fi na asibiti. Abin da na fi ba wa ƙarfi shi ne kwalabe. Ƙarfen da muke aunawa ɗan kaɗan ne ƙwarai, ga shi kuma ko'ina akwai ƙarfe: a ƙura, a ruwan famfo, a yatsan mutum. Don haka 'yan kwalaben robar da muke zuba ruwan gwaji, masu faɗin baki kamar ƙananan kofuna, sai an jiƙa su cikin asid kwana da kwanaki, a ɗauraye da ruwan da aka tace har ba abin da ya rage a cikinsa, a busar a inda ƙura ba ta shiga, a sa a leda, a sake sa ledar a wata ledar. Ko amarya ba ta tattalin kwanukanta yadda na yi tattalin kwalaben nan.

Ranar tafiya na fito da tsohon wandona da rigar da ta sha wuya, sai na tarar da Umma cikin sabuwar atamfa da mayafi mai aiki, ga turare. A gabanta ga kula cike da waina, ga robar miya, ga ƙaton filas na shayi, baƙi wuluk, ya ji citta da kanumfari, madarar kuma daban a gwangwani don ba ta san ko Turawan suna so ba.

Na ce, "Umma, aiki fa za mu je, ba suna ba."

Ta ce, "Ke kika saba zuwa wajen mutane hannu na dukan cinya. Ɗauki kular nan."

Muka hau jirgin D, muka sauya zuwa na A. Tafiya ce mai tsawo, Umma tana ta jan carbi. Sai da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa, ya wuce gidaje, ya hau kan ruwa, ruwa dama ruwa hagu, ga ciyayi kore shar, ga fararen tsuntsaye tsaye da ƙafa ɗaya. Ta dakata da carbin ta leƙa taga.

"Nan ɗin ma duk New York ne?"

Shekarunta nawa a garin, ba ta taɓa sanin akwai wajen ba. Na ji daɗi a raina, na ce an fara da sa'a.

A bakin ruwa muka tarar da malamata cikin gajeren wando da takalmin roba har gwiwa, da wata hula da ta ga duniya. Umma ta kalle ta sama da ƙasa ta raɗa min, "Wannan ce farfesar?" Amma ta gaishe ta da ladabi, da Turancinta na wajen aiki, har ta tambayi iyali. Mai jirgin kuma wani dattijo ne mai tumbi, haifaffen unguwar, wanda ya daɗe yana kai mu. Shi ya taimaka mata ta sa rigar kariya a kan mayafi. Ta zauna a tsakiyar jirgin ta riƙe gefe da hannu biyu, tana salati duk lokacin da muka hau igiyar ruwa.

Ruwan teku kullum yakan janye ya dawo, muka isa wajen lokacin da ya janye, bai wuce ƙugu ba. Ni da malamata muka sa dogon wandon roba muka dira. Yadda ake yi shi ne, ki sami bututun roba garai-garai mai kaurin dantse, ki danna shi cikin taɓon a hankali, ki toshe sama, ki tura hannu ƙasa ki toshe gindin, ki ɗago shi a miƙe ba tare da ya girgiza ba. In kin yi sa'a za ki ga taɓon a ciki yadda yake kwance a ƙasan ruwa: sama ja-ja mai launin tsatsa, ƙasa da shi toka-toka, can ƙasa baƙi ƙirin. Na sha fama kafin in iya, na sha faɗuwa zaune a ruwa. Amma ranar bututun farko da na ɗago, kai, ban taɓa ciro mai kyansa ba. Ruwan samansa ko gurɓacewa bai yi ba. Malamata ta ɗaga min babban yatsa. Na juyo da shi a ƙirji ina washe baki, zan nuna wa Umma.

Sai na hango tururi yana tashi daga kan murfin kula.

Ashe kofunan takarda a kan teburin kicin muka baro su. Umma ta ga mutane suna aiki cikin ruwa tun safe ba wanda ya sa komai a cikinsa, ta duba jirgin, ta ga leda cike da 'yan kofuna fes-fes. Ta kwance ledar farko, ta kwance ta biyu, ta zazzage su a cinyarta don ta zaɓi waɗanda suka fi girma. Da yake ba ta yarda da wankin kowa ba, sai ta ɗauraye su da ruwan gorarta, ta goge da gefen mayafi, ta jera, ta tsiyaya shayi. Mai jirgi har ya shanye na farko yana kan na biyu.

Ban san lokacin da na ƙwala murya ba.

"Umma!"

Tunda aka haife ni ban taɓa kiranta da irin wannan muryar ba. Ta ɗago da filas a hannu ta kalle ni. Malamata ta matso jikin jirgin, ta yi magana a hankali, ta ce don Allah kar kowa ya ƙara sha, kwalaben gwaji ne, sun kwana cikin asid. Mai jirgi ya kalli tasa kwalbar, ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya sha abin da ya fi wannan muni a rayuwarsa, kuma bai taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Umma ta rufe filas ɗin. Ta tambaye ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Ɓarna na yi?"

"A'a Umma, ba komai."

"Ke, tambayarki nake yi."

"Sati guda na yi ina wanke su."

Ta juya ta ba malamata haƙuri, kalma ɗaya-ɗaya, kamar tana gaban alƙali. Malamata ta ce wallahi ba komai, akwai wata ledar a ɗaya akwatin, za ta ishe mu in muka rage wuraren da za mu je. Umma ta koma can ƙarshen jirgin ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta kafa wa filin jirgi ido.

Na san uwata. Duk inda ta ji kunya ba ta komawa. Akwai wani shago a Fordham Road da mai shagon ya taɓa ɗaga mata murya a gaban mutane, har yau in za ta wuce sai ta tsallaka titi. Yau ga shi ta ji kunya a gaban baƙi, a kan ruwa inda ba hanyar tashi ta tafi, kuma 'yarta ce ta daka mata tsawa. Na ce a raina shi ke nan, ke da taɓo sai a mafarki. Amma ruwa ba ya jiran mai baƙin ciki, ya kusa fara dawowa, dole aka ci gaba.

Muka hau jirgin muka kafa bututun a tsaye. A jikinsa akwai ƙananan ramuka jere daga sama zuwa ƙasa, an liƙe su. Sai ki buɗe ɗaya, ki soka wani siririn tsinke mai tsotso cikin taɓon, ki ja da sirinji. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin taɓon sai ya fito fari tas kamar na sha. Dole ki yi sauri, don in iska ta taɓa shi ƙarfen ya fara komawa tsatsa. Kuma ɗigon farko na kowane rami ba a amfani da shi, zubarwa ake yi. Ina aiki hawaye yana cika min ido, na laluba abin da zan zubar a ciki, hannuna ya faɗa kan ɗaya daga cikin kwalaben da suka lalace, da guntun shayi a gindinta. Na tsirta ruwan a ciki na ajiye, na ci gaba da abin da ke gabana.

Can sai na ji, "Ke. Miƙo min wannan."

Na waiwaya. Guntun shayin nan da yake ja ya rikiɗe ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi kamar tawada. Na ɗauka so take ta zubar ta wanke. Na miƙa mata. Ta ɗaga kwalbar saitin rana, ta girgiza, ta shinshina, ta tsoma yatsa ta murza.

"Me kika zuba a nan?"

"Ruwan cikin taɓon ne, Umma."

"Farin ruwan nan na cikin allura?"

"Shi."

Ta sake kallon kwalbar. Mayafin ya zame daga fuskarta ba ta gyara ba.

"Ikon Allah. Kuloko ne."

Ban taɓa jin kalmar ba. Na san dai kakana, mahaifinta, wanda ya rasu kafin a haife ni, baduku ne a cikin birnin Kano, yana ɗinka jaka da takalma da kube. Umma ba ta cika ba da labarinsa ba. Ranar sai ga magana tana zubowa. Ta ce in zai yi wa fata baƙin ado, kashin maƙera yake samowa da guntattakin ƙarfe, ya jiƙa a tukunya da ɗan abin zaƙi, ya rufe ya ajiye. Ruwan in ka gan shi ba wani baƙin kirki gare shi ba. Amma da ya shafa shi a fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take sai wajen ya yi baƙi ƙirin, baƙin da ba ya fita har fatar ta mutu. Shi ne kuloko.

"Ƙarfe ne a ruwan nan naki," in ji ta. Sai ta leƙa gefen jirgin ta kalli ruwan. "To shi Baba wajen maƙera yake samowa. Nan kuma wane maƙeri ne ya zauna a ƙarƙashin teku?"

Jama'a, saura kaɗan in faɗa ruwa don murna! Abin da na shekara biyu ina rubutu a kansa ke nan, ta tambaye shi cikin numfashi ɗaya. Na durƙusa a gabanta da safar hannu duk taɓo, na fara bayani da Hausa, ina tuntuɓe, ina nemo kalmomi, ina nuna mata jan saman bututun da tokar da ke ƙasansa. Na gaya mata labarin ƙananan halittun da ke numfashi da tsatsa. Ta ce, "Da tsatsa? A'uzubillahi. Ci gaba." Malamata ta ga bakinmu bai tsaya ba ta ce me ake ciki. Da na fassara mata sai ta tafa hannu, ta ce abin da ke cikin ganyen shayi mai ɗaure harshe ɗan'uwan na cikin bagaruwa ne, in ya haɗu da ƙarfe dole ya yi baƙi, da irin haɗin nan ma mutanen da suke yin tawada. Sai ta ce tunda kwalaben sun riga sun lalace, me zai hana a ɗiga shayi a kowace, duk ramin da na ja in ba Umma ɗigon farko?

Nan fa jirgi ya sami sabon shugaba. Umma ta naɗe hannun riga, ta ɗaure mayafin a ƙugu, ta jera kwalabe a kan murfin kula, ta ɗiga wa kowace shayi daidai wa daida. Muka kafa sabon bututu muka faro daga sama.

Na ja ramin farko, dab da saman taɓon, na tsirta mata. Shayi ya zauna ja abinsa.

"Kin zuba kuwa?"

"Na zuba, Umma. Nan iska tana kaiwa, duk ya zama tsatsa."

"To na gaba!"

Na gaba ya ɗan yi duhu. Na bayansa ya fi shi. Da muka kai kamar tsawon ɗan yatsa cikin taɓon, muna kallo shayin ya juye ya zama tawada. Umma ta rangaɗa guɗa a tsakiyar Jamaica Bay! Tsuntsaye suka tashi, mai jirgi ya dafe ƙirji, malamata ta yi dariya har hularta ta faɗa ruwa.

Sai muka gangaro wajen baƙin taɓon can ƙasa. Umma ta nuna shi da yatsa ta gaya wa mai jirgi da Turanci cewa ya zuba ido, wannan sai ya fi duka baƙi. Shi ma ya yarda. Na danne dariya, don na san abin da zai faru. Na ja, na tsirta. Ta girgiza. Ta jira. Ta sake girgizawa. Shayi ja zur.

"Kai! Ina ya tafi? Ke, kin yi min wayo ne?"

Na rantse mata ban yi ba. Na ce warin ruɓaɓɓen ƙwan nan da take ƙorafi a kansa a kayana, dangin farar wuta ne, can ƙasa yake taruwa. In ya haɗu da narkakken ƙarfe sai ya cafke shi ya ɗaure tamau, su zama baƙin gari. Shi ya sa taɓon ya yi baƙi. Ƙarfen yana nan, amma ba ya cikin ruwan.

Ta kalli jerin kwalabenta, ja, duhu, baƙi, sannan ja kuma. Ta ce, "To in ya ɗaure shi, shi ke nan har abada? Ko akwai abin da zai sa ya sake shi?"

Na fassara wa malamata. Ta daina dariya, ta kalli Umma, ta ce wani ɓangaren an sani, amma nawa ne yake kuɓuta, da yaushe, da inda yake ƙarewa a ruwa irin wannan, abin da take so in zauna in gano ke nan. Na buɗe baki zan mayar da Hausa. Umma ta ɗaga min hannu ta ce ta ji.

Muka gama aikinmu na ainihi da kwalaben da suka tsira. Da na ɗiga namu maganin gwajin ruwan ya koma launin shunayya mai kyau, ta leƙo ta ce, "Naku ya fi kyan gani, amma nawa ana sha." Kafin mu bar wajen ita ke riƙe min bututu, taɓo har gwiwar hannu, sabuwar atamfa ta tashi daga aiki. Muka ci waina a kan ruwa, jiragen sama suna wucewa ta kanmu. Mai jirgi ya ci har ya roƙi a ƙunsa masa ta matarsa.

A jirgin A na dawowa mutane suka dare suka bar mana kujeru, don warinmu ya ishi tarago guda. Umma ta koma jan carbinta. Ni kuma ina ta lissafi a zuci: ta ji daɗi, eh, amma jin daɗin yini ɗaya daban, shekara biyar daban. Kuma tsawar da na daka mata tana nan ba a yi maganarta ba. Na ce, "Umma, ki yafe min ɗaga muryar da na yi."

Kamar ba ta ji ba. Tana kallon taga ta ce, "Ina yarinya, a bakin ƙofar zaure nake laɓewa in Baba yana shafa kuloko. Mu mata ba ma zama cikin masu koyon aiki. Wata rana na kasa haƙuri na ce, Baba, ruwan nan ba baƙi ba ne, fatar ma ba baƙa ba ce, to daga ina baƙin yake fitowa? Ya ce haka Allah ya yi shi, in wuce ciki in taya Inna aiki." Ta ɗan murmusa. "Gaskiya ya faɗa, Allah ne ya yi shi. Amma ni yadda ya yi shi ɗin nake son ji. Daga ranar ban sake tambayar kowa irin wannan ba. Sai yau na ji amsar, da furfurata."

Jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa, tagar ta yi duhu. Ta gyara zaman filas ɗin a cinyarta.

"Ki gaya wa matar nan kin karɓa. Allah ya yi albarka."

Na fashe da kuka a gaban kowa, irin kukan nan mai shessheƙa da majina. Ta zungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Ke, share fuskarki. Ga wari ga kuka, so kike a sauke mu?"

Na yi digirin, na gama, kuma har yau aikin da nake yi ke nan. Na shiga taɓo a wurare da dama, na yi bayani a gaban manyan masana, amma ban taɓa jin daɗin bayani kamar na ranar ba, ina durƙushe a jirgi ina lalubo Hausar da zan faɗi abin da nake so. Da na ɗauka ni kaɗai ce mai wannan ƙaiƙayin na son sanin dalili a gidanmu, har ina mamakin inda na samo shi. Ashe a wajen wadda nake tsoron ta hana ni na gaje shi. In na tuna yarinyar nan da ke laɓe a bakin zaure da tambaya a bakinta, aka ce ta wuce ciki, sai in ji tausayi da farin ciki sun haɗe min wuri ɗaya, don ita da ta sami ikon cewa in wuce ciki, ba ta ce ba.

Yanzu ta daina aiki, gwiwa ta hana ta hawa jirgin ruwa. Tambayar da ta yi ranar kuwa, ta abin da zai sa ɗaurarren ƙarfe ya kuɓuta, na samo rabin amsarta, rabin yana nan yana ba ni wahala. Duk sanda na je gaishe ta, kafin in gama zama sai ta ce, "Ke, an gano?"

In ce, "Saura kaɗan, Umma."

Sai ta ce, "To zaman me kike yi a nan? Ci abinci ki koma."